Yadda Muka Tayar da Akori-kurar Mahaifina

Akori-kurar mahaifina ta shekara 11 tana ajiye ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu da ke Tudun Wadan Kaduna, har tayoyinta huɗu suka nutse cikin ƙasa, kaji suka mayar da bayanta wurin kwana. Peugeot 504 ce, wadda mutanenmu suka fi sani da Fijo. A tsawon waɗannan shekaru masu sayen gwangwan sun yi sallama a kanta fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma duk lokacin da suka zo, marigayin yakan ce musu ba ta sayarwa ba ce. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zauna rabon gado, sai na roƙi 'yan'uwana a yi mata kuɗi a saka ta cikin kasona. Babu wanda ya ja da ni, domin a ganinsu ƙarfe ne kawai ya rage.

Wanda ya tashi a Kaduna ba ya buƙatar a gabatar masa da wannan mota. A Faransa aka fara fitar da 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta lashe gasar Safari ta Kenya, wato a shekarar da kamfanin haɗa Peugeot da ke Kakuri ya fara aiki. An daɗe da daina yin ta a Faransa amma Kakuri ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Ta gidanmu haɗin Kakuri ce, kuma da ita mahaifina ya yi ta ɗauko masara da waken soya daga kasuwannin Saminaka da Giwa, da ribar wannan jigila ya biya kuɗin makarantarmu. Ni kaina a bayanta na yi ta zama bisa buhuna, ina riƙe da igiyar tamfol.

Tunanin abin da zan yi da ita ya zo ne ta hannun ɗan yayana, wanda ya nuna mini hotuna da bidiyon yadda Amurkawa ke yi wa tsofaffin akori-kurarsu, musamman Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 da Ford F-100. Sukan bar wa motar tsohuwar surarta yadda duk wanda ya gani zai gane ta, amma su cire inji da giya da birki da wayoyi su zuba na zamani, galibi injin LS mai silinda 8. Abin ya kwanta mini a rai saboda ba na son motar ado da za a riƙa gogewa ana kallo. Ina da gona a hanyar Pambeguwa, kuma burina shi ne motar ta koma ɗaukar kaya kamar da, ta tashi da bugu ɗaya da asuba, ta hau babban titi ba tare da tireloli sun riƙa danno mata oda a baya ba.

Wurin wani dattijon makanike na nufa, wanda shi ne ke duba motar tun zamanin mahaifina, kowa a garejin yana kiransa Oga, ni kuwa Baba nake ce masa. Na zauna kan benci na yi ta zuba masa bayanin injin da nake so, shi kuma yana saurare yana wanke wani noti a cikin gwangwanin fetur. Da na gama sai ya ce, "Alhaji, ba mu kai ga maganar inji ba tukuna. A jawo ta mu tuɓe ta, mu ga ko akwai abin da za a ɗora injin a kai." Na so in yi musu, amma na san ya fi ni sanin motar, don haka washegari muka nemo tayoyin aro, aka ɗaura mata igiya aka ja ta zuwa gareji.

Tuɓewar ta ci mako 3. An sauke inji da giya da tankin mai, an cire kujera da gilasai da ƙofofi, aka raba bodin baya da kan motar, kowane rukunin notuna yaran garejin suka zuba shi a cikin gwangwanin madara suka rubuta sunansa da fenti. A nan ne na ga gaskiyar Baba da idona. Da aka ɗaga tabarmar roba ta gefen direba, sai ga ƙasa ana hangowa ta wani rami da tafin hannuna zai rufe, kuma ƙarfen da ke kewaye da ramin yana ɓarewa falle-falle kamar busasshen ganye. Gindin ƙofofi ya cinye, inda batir ke zama ruwan batir ya huda shi, sannan da mai gyaran bodi ya kai guduma kan fikafikin gaba na dama, sai wani curin fila mai kaurin yatsa ya faɗo, alamar wani tsohon karo da aka lulluɓe ba a miƙe ba. Abin da ya ceci aikin shi ne dogayen ƙarafan da ke ɗauke da bodin baya suna nan da ƙarfinsu, kuma da aka auna su da zare daga kusurwa zuwa kusurwa, awon ya zo daidai, wato motar ba ta karkace ba.

Na yanke shawarar cewa duk inda tsatsa ta ci za a yanke shi ne a sa sabon ƙarfe, ba za a shafe shi da fila ba. Wannan shawara ita ce ta fi kowace cin lokaci. Mai waldar yakan yanka kwali daidai da siffar ramin, ya ɗora kwalin kan falan ƙarfe ya zana, ya yanke, ya lanƙwasa shi da guduma a kan guntun dogo, sannan ya riƙa ɗiga walda nan da can yana jira ta huce, domin idan ya ja ta a tafi ɗaya zafi zai murɗe ƙarfen. Wata 4 muka yi a kan wannan, kuma duk wanda ya leƙo garejin a lokacin ba zai ga wani ci gaba ba.

Sai bayan nan Baba ya yarda aka yi maganar inji. Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta farko ita ce a sake gina injin asali, mai silinda 4 da kafireta, wanda ko a sabuntarsa ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Ta biyu ita ce wadda ɗan yayana ya nace a kai, wato injin Lexus 1UZ mai silinda 8 da lita 4, wanda ya fara fitowa a 1989, kuma ƙarfinsa ya kai wajen doki 250. Na yarda injin kirki ne, kuma na kwana biyu zuciyata tana wurinsa. Amma Baba ya kai ni bayan motar ya nuna mini aksul, ya ce wannan ƙarfe ba a yi shi don irin wancan ƙarfi ba, idan na sa shi to sai na canza aksul, in na canza aksul sai na canza wili, daga nan kuma motar ta tashi daga ta mahaifina ta koma wata aba dabam. Ya ƙara da tambayata inda zan sami wanda zai duba mini silinda 8 idan ta tsaya a bayan Pambeguwa da magariba.

Hanya ta uku muka bi, wato injin Toyota 3RZ, mai silinda 4 da lita 2.7, wanda ke cikin Hilux da Hiace da Prado na wancan zamani. Yana ba da doki 150, yana aiki da nozul maimakon kafireta, sarƙa ce ke juya sandunan bawul ɗinsa ba bel ba, kuma babu garin da za ka shiga a Arewa ka rasa wanda ya taɓa kwance irinsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, ba sai an matse totur ba, wanda shi ne abin da motar kaya ke buƙata. Muka haɗa shi da giyar Hilux mai hawa 5, ta motar da ke ja da ƙafafun baya kawai.

A sayen injin na yi kuskuren da ya jawo mini asara. Wani dillali ya kawo mini ɗan Beljiyam mai kyan gani a farashi mai sauƙi, na duba murfin baƙin mai na ga babu dasƙararren datti, aka auna matsin kowace silinda aka ga sun yi kusa da juna, sai na biya ba tare da na jira mai wayarin ya gani ba. Da ya zo ya duba, sai ya ɗago dam ɗin wayoyin ya nuna mini inda aka datse su gaba ɗaya a lokacin da ake ciro injin daga motarsa, ga shi kuma ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da aka haɗo mini da ita ba ta wannan samfurin ba ce, bakin soket ɗinta ma bai yi daidai ba. Injin zamani ba ya tashi sai da ƙwaƙwalwarsa da cikakkun wayoyinsa da na'urar auna iskar da ke shiga, kuma dole ukun su zama 'yan gida ɗaya. Dillalin ya ƙi karɓar kayansa. Sai da muka yi sati 6 muna cigiya tsakanin kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano kafin muka dace da cikakken saiti, kuma abin da na kashe a kansa ya cinye duk rangwamen da na yi murnar samu.

Ranar da aka fara zura injin cikin motar da sarƙa, matsalar da Baba ya daɗe yana faɗa ta bayyana. Injin Peugeot na asali a kishingiɗe yake, an kwantar da shi gefe guda da kusurwar digiri 45, shi ya sa gaban 504 yake da ƙasa-ƙasa. Na Toyota kuwa a tsaye yake ƙyam, ga tsawo. Idan aka ɗaga shi bonet ba ya rufuwa, idan aka sauke shi tasar baƙin mai da ke ƙasansa tana zama kan ƙarfen da ya gitta tsakanin ƙafafun gaba, inda sandar sitiyari take. Wani ya ba da shawarar a huda bonet a yi masa tozo, na ce sam, domin fuskar motar ita ce abin da nake son in tsare. Saboda haka aka koma kan tasar. Aka yanke sashen da ke taɓawa, aka faɗaɗa ta ta gefe domin kada yawan man da take ɗauka ya ragu, aka ƙara wa bututun da ke tsotso mai tsawo ya kai sabon gindinta. Da aka gama walda, Baba ya wanke ta, ya cika ta da kananzir, ya ɗora ta kan farar takarda ya ce a bar ta ta kwana, domin kananzir yana bin ƙofar da baƙin mai ba zai nuna ba sai an hau hanya. Da safe muka tarar da ɗigo biyu a kan takardar, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Aka sake bin wurin da walda, aka sake kwanar da ita, sai a karo na uku takardar ta wayi gari a bushe. An ƙera sababbin mazaunan inji a Panteka, an rage haƙarƙarin cikin bonet kaɗan, kuma a ƙarshe ya rufu da tazarar da ba ta fi kaurin yatsa ba.

Hanyar mai ma sai da aka sake ta gaba ɗaya. Kafireta tana wadatuwa da mai mai zuwa a hankali, nozul kuwa yana son matsi mai ƙarfi, wajen bar 3 a ma'aunin matsi, kuma ƙwayar tsatsa ɗaya tana iya toshe shi. Tsohon tankin cike yake da jan gari, don haka aka ƙera sabo, aka sa famfon lantarki a cikinsa tare da ɗan akwati da ke tare mai a kewayen famfon domin kada ya shaƙi iska a kan kwana idan mai ya yi ƙasa. Aka ja bututu biyu na ƙarfe, ɗaya na zuwa ɗaya na komowa, aka nisanta su da salansa. Tsofaffin wayoyin motar kuwa, waɗanda aka yi ta ɗaurawa da leda shekara da shekaru, mai wayarin ya cire su duka ya ja sababbi, kowane layi da fis ɗinsa.

Ranar tayarwa Baba ya sa aka ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi a kusa. Ya cire fulogogi ya sa aka yi ta juya injin har fitilar baƙin mai ta mutu, alamar mai ya zagaya ko'ina, sannan aka mayar da su. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Alhaji, yi bisimilla, motar babanka ce." Na murɗa, famfon ya yi ɗan kukansa, injin ya juya sau biyu ya kama. Yaran garejin suka yi ta kabbara. Ni dai ina zaune kan wani katako da aka ajiye a madadin kujera, hannuna kan sitiyarin da tafin mahaifina ya goge har ya yi santsi, na kasa cewa komai na ɗan lokaci.

Bayan haka mun yi wata muhawara da ɗaya daga cikin manyan yaran Baba, wanda ya so a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, a haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba yi a garejojinmu da hujjar cewa ƙasarmu ƙasar zafi ce. A wannan karon ni na tsaya kai da fata, domin na riga na fahimci yadda abin yake aiki. Ƙwaƙwalwar injin tana karanta zafin ruwa, kuma muddin ta ga injin bai ɗumama ba za ta ci gaba da ƙara masa mai, sai ya riƙa shan fetur fiye da ƙima yana baƙanta fulogi. Maganin zafin watan Maris da Afrilu shi ne babban lagireto mai tsabta da fanka mai ƙarfi da ke tashi da kanta idan zafi ya kai, da kuma ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon ruwan rijiya. Baba ya goyi bayana, aka bar tamostat a wurinsa.

Gwajin farko a hanyar Zariya bai yi daɗi ba. Muna wuce Mararrabar Jos, gudu ya kai wajen kilomita 80, sai motar ta ɗauki karkarwa tun daga ƙarƙashin kujera har madubi ya daina nuna komai. Farfela ce. Da yake kanta na gaba na Toyota ne, na baya kuma na Peugeot, sai da aka yanka aka haɗa, kuma wanda ya yi aikin bai daidaita kunnuwan mahaɗan biyu a layi ɗaya ba, bututun ma ya ɗan kauce daga tsakiya. Muka kai ta wurin wani mai injin sassaƙar ƙarfe, ya yanke ta ya sake haɗawa a kan inji, ya liƙa mata ƙananan ƙarafa har nauyinta ya daidaita. Karkarwar ta ɓace.

A wannan gwajin ne kuma na gane dalilin da ya sa Baba ya ƙi barin in taka motar sosai kafin a gama da birki. Ƙarfin ya ƙaru da fiye da rabi, motar tana kai wa gudun da a da sai ta yi dogon zango take kai wa, amma tsayawarta tana nan irin ta da. Aka sauya duk bututun man birki, aka sa masta mai layi biyu domin idan ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe, aka sa babban abin da ke taimaka wa ƙafa wajen matsawa, aka sabunta fayafayen gaba. Na baya mun bar shi a ganga yadda yake, saboda yana riƙe birkin hannu da kyau idan akwai lodi. Baba ya kuma gano cewa an taɓa cire ɗan bawul ɗin da ke rage ƙarfin birkin baya idan motar ba ta da kaya, wanda rashinsa ke sa bayan akori-kura ya wulwula a kan jiƙaƙƙen titi. Ya nemo wani ya mayar. Sifirin na baya an warware shi falle-falle an wanke an sauya waɗanda suka gaji, aka sa sababbin shokozoba da robobi, amma ban yarda a sauke motar ƙasa kamar yadda Amurkawa ke yi wa nasu ba, domin hanyar gonata ba za ta lamunci haka ba.

Ana cikin wannan ne aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watan da ya biyo baya, sai farashin duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya tashi. Kuɗin da na ware ya ƙare, motar ta zauna wata 5 a lulluɓe da tamfol, sai da na sayar da amfanin gonar wannan shekara aka ci gaba.

Fenti ya faɗo a lokacin hunturu, ga ƙura ko'ina. Mai fentin yakan zo tun bayan sallar asuba, ya yayyafa ruwa a daɓen rumfar da kewayenta, ya rufe ta da leda, ya fesa kafin iska ta tashi. Fari muka mayar mata, launinta na asali. A murfin baya akwai rubutun da mahaifina ya sa aka yi tun ina yaro, "Haƙuri maganin zaman duniya", wanda ya koɗe har sai an matso ake karanta shi. Kafin a kankare murfin na ɗora takarda mai shara-shara na bi kowane harafi da fensir, bayan fenti ya bushe kuma na kai wa mai rubutun allo ya mayar da shi da irin hannun da shuɗin launin. Zakin da ke gaban motar shi ne na asali, an dai goge shi. A ciki an sake ɗinka kujera, an sa bel, an ɓoye na'urar sanyaya ɗaki ƙarƙashin dashbod, amma sitiyarin ban bari an taɓa shi ba.

Da yake lambar inji ta canza, na ɗauki rasidin sayen injin da tsofaffin takardun motar da takardar rabon gado na je ofishin lasisi, aka duba motar aka gyara bayanan, na yi inshora.

Tafiyarta ta farko ta aiki ita ce zuwa gona ɗauko masara, kusan shekara 2 da ranar da aka ja ta da igiya. Kafin in fita na tsaya a ƙofar gida, mahaifiyata ta fito ta zagaya motar a hankali, ta tsaya a bayanta ta daɗe tana duban rubutun, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan mai ita, kai kuma Allah ya yi maka albarka. Ka tafi a hankali." Na ce, "Amin, Inna." A dawowa da buhu 10 a baya, ta hau gangaren da mahaifina ke sauka zuwa giya ta biyu a kansa, ni kuwa a ta huɗu na haye, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Akwai sauran aiki. Malejin yana nuna gudun da ya fi na gaskiya saboda giyar da agogon ba 'yan gida ɗaya ba ne, sitiyarin yana da nauyi idan ana juyawa a tsaye da lodi, kuma aksul ɗin baya ya fara wani siririn kuka idan na ɗaga ƙafa daga totur. Baba ya saurare shi, ya ce in rage lodi zuwa buhu 8, in kawo ta bayan an gama girbi mu buɗe mu duba haƙoran.